Gyaran Murya a Bakin Raga

A shekarar 1977 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wudil ba ta biyan kowa, ba ta da mota, ba ta da fili na kanta. A filin wata makarantar firamare take atisaye bayan la'asar. Mai horar da ita shi ne Malam Gidaɗo, malamin motsa jiki na makarantar, siriri, mai ƙarancin magana. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, don haka a gidajen ma'aikata ya tashi, daga wannan tasha zuwa waccan, sannan makarantar kwana. Aiki ne ya kawo shi Wudil, ba shi da dangi a garin.

Lokaci ne da aiki ke neman mutane. Kamfanonin gina hanya suna ɗibar leburori, masana'antun Kano suna ɗiba, tireloli kuma suna kwasar shanu daga kara zuwa Ikko, kowace da samarin da za su raka ta. Ƙungiyoyin garuruwan da ke kewaye sun watse ɗaya bayan ɗaya. Ta Gidaɗo ta tsaya, kuma mutanen gari sun san dalili. Da damina yana zuwa gayya gonakin 'yan wasansa, ya karɓi fartanya ya kama kunyarsa kamar kowa, ko da yake shi ne kullum na ƙarshe. Ba a suna ko ta'aziyya a gidan ɗayansu ba a gan shi a kan tabarma ba. Sannan yana da wata ɗabi'a da suka fi ambata: bai taɓa yi wa ɗan wasa faɗa a fili ba. In mutum ya yi kuskure, sai an tashi, Gidaɗo ya tura kekensa da hannu ya jera da shi a hanyar gida, ya faɗi abin da zai faɗa, babu na uku.

A cikin waɗanda wannan ɗabi'a ta riƙe har da Ƙasimu, mai tsaron gida. Ɗan masunta ne, ya girma a kogi, hannuwansa manya, ba ya tsoron faɗuwa. Alhaji Gwadabe, wani dillalin shanu, ya sha aiko masa cewa ya zo ya shiga rakiyar shanu zuwa kudu. Ƙasimu yakan ce a gaya wa Alhaji ya gode, sai an gama gasar Kano. Gasar ta ƙananan hukumomi ce, an sa ta kafin babbar salla. Ƙungiyar ba ta da wani gola. Gidaɗo ya san in ya rasa Ƙasimu babu zuwa Kano, kuma sauran ba za su daɗe ba.

Gab da azumi Ƙasimu ya yi aure. Amaryar, Lubabatu, 'yar yayan Maikano ce, kyaftin ɗin ƙungiyar, wanda ke tsaron baya a tsakiya, daidai gaban gola. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, Maikano ne ya riƙe ta, shi ya ba da aurenta. Tazarar shekarun da ke tsakaninsa da Ƙasimu ba ta kai goma ba, amma tun daga ranar ɗaurin aure Maikano ya zama uba, Ƙasimu ya zama suruki.

Da aka dawo atisaye bayan ƙaramar salla an ga canji. Ƙasimu ya daina sa gajeren wando, da dogo yake tsaron raga. In aka kawo ƙwaryar fura bayan an tashi, sai ya ce ya ƙoshi, ya koma gindin darbejiya ya juya baya. Ya daina kiran Maikano da suna. Baffa yake cewa, kamar yadda matarsa ke faɗa, shi ma sai in ya zama dole, a hankali, idonsa a ƙasa.

A da, in ƙwallo ta taso sama ta nufo raga, har bakin titi ana jin muryar Ƙasimu yana cewa Maikano ya matsa. Yanzu babu wannan. Abin da ya maye gurbinsa shi ne gyaran murya, irin wanda mutum ke yi in zai shiga zauren da surukinsa ke ciki. In Ƙasimu zai fito ɗaukar ƙwallo, sai ya yi gyaran murya sau biyu. Maikano ya ji, ya kauce. Ba su taɓa zama sun shirya wannan ba, kuma babu wanda ya yi maganarsa, sai Bilya, mai gyaran keke, ɗan baya na hagu, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Ango, ko a kawo maka citta da kanumfari ne? Wannan tari naka ya ƙi ci ya ƙi cinyewa."

"Kula da gefenka, Bilya. Jiya ta nan aka wuce ka kamar an wuce turke."

"Ni ai ba ni da suruki a fili, shi ya sa nake barci."

Maikano yakan yi kamar bai ji ba. Gidaɗo ya ji, ya kuma ga dabarar tana aiki, sai ya ƙyale. A filin makaranta da yamma babu abin da ke tashi sai ƙarar ƙwallo da kukan awaki.

Wata safiya Gidaɗo ya biya ta rumfar Maikano, inda yake aikin babbar riga da allura. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da makaranta. Maikano ya ci gaba da ɗinki na ɗan lokaci kafin ya yi magana.

"Malam, gwiwar nan ta fara ba ni labari. Ko za ka gwada ni a tsakiyar fili, ka dawo da Sabo baya? Yaro ne, yana da tsalle."

"Jiya na ga gudunka. Gwiwarka lafiyarta ƙalau."

"To, ai ciwo mai shi ya san shi."

"Sabo bai iya karanta ƙwallo ba tukuna. Bayan nan a hannunka yake, Kyaftin. Bari mu dawo daga Kano."

Maikano ya ce Allah ya kai mu, ya ciji zare. Ba gwiwa ce ta dame shi ba. So yake a raba shi da gaban ragar surukinsa, amma babba ba ya buɗe baki ya ce yana jin nauyin yaro. Bai sake tayar da maganar ba, Gidaɗo kuma ya tafi da tunanin cewa kyaftin ɗinsa ya fara sha'awar cin ƙwallo ne da girma ya zo.

A cikin watan nan jami'in wasanni na ƙaramar hukuma ya tuna da ƙungiyar. Ya kawo sabbin jesi da takalma, ya kuma shirya wasan gwaji da ƙungiyar wani kamfanin gina hanya da ya kafa sansani a bayan gari. Ya sa aka yi shela a kasuwa, ya ɗauko makaɗa. Ranar wasan filin ya cika fiye da yadda aka taɓa gani. An jera wa manya kujeru a inuwa, masu kalangu kuma suka zaɓi bayan ragar Ƙasimu, suna yi masa kirari da ɗan masu kogi.

Har aka tafi hutu babu wanda ya ci. 'Yan kamfani sun fi ƙarfi, amma Ƙasimu ya tare duk abin da suka aiko ta ƙasa. Bayan an dawo suka canza, suka koma ɗago ƙwallo sama. Ta farko Maikano ya fitar da ka. Ta biyu ta zo da tsawo, tana saukowa tsakaninsa da gola. Ƙasimu ya fito. Bilya, wanda ke kusa, ya ce daga baya ya ga maƙogwaronsa ya motsa sau biyu. Kalangu uku suna tashi a bayansa. Maikano bai ji komai ba, ya ja da baya, ya yi tsalle.

Gwiwar hannun Ƙasimu ta same shi a baki. Suka faɗi tare, ƙwallon ta zame ta tsaya kusa da su, ba ta yi nisan da hannu ba zai kai ba. Ƙasimu ya ɗago ya ga jini a haɓar Maikano. Bai dubi ƙwallon ba. Ya durƙusa a gabansa, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"Baffa, ka yi haƙuri. Don Allah ka yi haƙuri."

Ɗan wasan kamfani ya iso, ya tsaya kamar yana jiran a hura usur. Ba a hura ba. Ya tura ƙwallon cikin raga da gefen ƙafa.

Dariya ta fara daga wajen 'yan kamfani, ta zagaye filin, har makaɗan suka daina kiɗa don su yi tasu. Da wannan ci ɗaya aka tashi. Ƙasimu bai tsaya an sha ruwa ba, ya bi ta cikin gonakin dawa ya tafi. Gidaɗo ya ɗauko kekensa zai bi shi, jami'in ya aiko a kira shi.

"Malam Gidaɗo, gaisuwa muka saya wa jesi?"

"Ranka ya daɗe, surukinsa ne. Za a gyara."

"Ni ma ina da surukai. A Kano akwai 'yan rediyo, akwai masu ɗaukar hoto. Haka za a ce Wudil ta yi? Golan mutanen nan na biyu yana zaune a banza, na yi magana da shugabansu, za su ba mu aronsa. Ranar Laraba zan zo atisaye. In na ga abin da na gani yau, shi ke nan."

Gidaɗo ya ce ya ji. Washegari ya je gidan su Ƙasimu, aka ce ya tafi kogi tun asuba. Ya je bakin kogi, masunta suka nuna masa wani kwalekwale can nesa wajen tsallake. Ya koma rana ta biyu, haka. A gari kuwa yara sun samu sabon wasa: ɗaya ya faɗi, ɗaya ya durƙusa ya ce Baffa ka yi haƙuri, na uku ya buga lemon da suke ƙwallo da shi.

Ranar Laraba Ƙasimu ya zo, a makare, ya wuce raga kai tsaye. Maikano yana nan da kumburarren leɓe. 'Yan kallo sun fi na kullum yawa. Akwai masu zaman banza, akwai 'yan mata masu tallar gyaɗa da rake, akwai jami'in a kan kujera da aka ɗauko masa daga ofishin hedimasta. Gidaɗo ya sa Sabo ya riƙa ɗago ƙwallo daga gefe. Ta farko ta taso, Ƙasimu ya yi gyaran murya, wani daga cikin 'yan kallo ya kwaikwaye shi, aka yi dariya. Ƙasimu ya tsaya a kan layi bai fito ba, Maikano ma ya tsaya, ƙwallon ta faɗi tsakaninsu. Jami'in ya duba agogo.

Gidaɗo ya hura usur, ya tako har cikin da'irar gola. Bai rage murya ba.

"Ƙasimu, wane ne wannan?"

Ƙasimu ya dubi ƙasa. "Baffa ne."

"Sunansa nake tambaya."

Bilya ya matso. "Malam, rana ta yi ƙasa. A bar wannan sai a hanya mana."

"Ba da kai nake ba. Koma wurinka."

Bilya ya koma. Maikano ya ce, yana kallon wani wuri, "Malam, laifina ne rannan. Zan riƙa waiwaye."

"Mai tsaron baya ba ya waiwaye, Kyaftin, ka sani. Gola ne idonsa." Ya juya ga Ƙasimu. "A cikin layin nan babu suruki. Akwai lamba ɗaya, akwai lamba biyar. In kun fita ka durƙusa har gobe, ba ruwana. A nan za ka kira sunansa, ka ce ya matsa, yadda kake yi bara."

"Malam, bara daban."

"Ƙwallon ita ce ta bara."

Filin ya yi tsit, har masu talla sun sauke farantansu. Gidaɗo ya ji idon jami'in a bayansa. Ya matsa kusa da Ƙasimu, amma abin da ya faɗa kowa ya ji.

"Na taɓa sa ka abin da ya cuce ka?"

"A'a."

"Na taɓa yi maka ƙarya?"

"A'a, Malam."

"To in ka yarda da ni, ka kira."

Ƙasimu ya ɗago ya dube shi. Shi ne karo na farko da ya dubi fuskar wani tun da ya shigo filin. Sannan ya koma kan layi, ya goge tafin hannunsa a wando.

Sabo ya ɗago ƙwallo. Ƙasimu ya fito.

"Maikano, matsa."

"Ban ji ba," in ji Gidaɗo. "A Kano akwai kiɗa."

Sabo ya sake ɗagowa.

"Maikano, matsa!"

Muryar ta kai bakin titi. Maikano ya kauce, Ƙasimu ya kama ƙwallon a sama da hannu biyu, ya sauko da ita a ƙirji. Aka sake, aka kuma sakewa. Ko ɗaya bai kuskure ba. Babu wanda ya yi dariya. Jami'in ya tashi ya tafa, shi kaɗai, ya ce wa Gidaɗo ai ga shi nan, abu mai sauƙi, zancen aron gola ya wuce. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Da aka tashi ba a taɓa ƙwaryar fura ba. Maikano ya sa rigarsa ya fita ta ƙofar gabas, Ƙasimu ya fita ta yamma. Gidaɗo ya tura kekensa zuwa gida shi kaɗai, yana gaya wa kansa cewa ya ceci golansa.

Alhamis ba a atisaye saboda shirin kasuwa. Ranar Juma'a da safe ya kai kekensa rumfar Bilya a ƙara masa iska. Bilya ya gaishe shi da cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi kwana da gajiya da aiki, abin da bai saba ba. Ya gama bugun famfo kafin ya ƙara cewa komai.

"Jesin mutuminka yana nan. Ya ce in ba ka." Ya nuna wani ƙulli a kan benci. An wanke shi, an ninke.

"Ina yake?"

"Kara. Motar Alhaji Gwadabe za ta tashi bayan masallaci."

Gidaɗo ya tsaya riƙe da kan keken. "Saboda rannan?"

"Malam, kai da ake ce wa Gidaɗo. Ai mu a wurinku Fulani muka ji ana cewa kunya." Bilya ya matsa tayar da yatsa. "Kafin magariba 'yan tallan nan sun kai labari kowane gida. Inna Hansai, tsohuwar Maikano, ta ce ita ba ta san sun ba da 'ya ga wanda zai tsaya a tsakiyar kasuwa ya kira ubanta kamar yana kiran ɗan aike ba. Yarinyar ta kwana kuka. Shi kuma hanyarsa ta zuwa kogi ta ƙofar Maikano ta bi. Jiya ta bayan makabarta ya zagaya. Zai yi ta zagaye ne har tsufa?"

"Ni na sa shi. Kowa ya gani."

"Kowa ya gani. Amma ba bakinka aka ji ba."

Gidaɗo ya bar keken a nan, ya tafi rumfar Maikano. Ya same shi da riga a cinya, allurar a soke, ba ya ɗinki. Bayan gaisuwa ya ce ya zo ne a taimake shi. In Maikano ya aika wa Ƙasimu cewa bai riƙe shi da komai ba, zai sauko daga motar.

"Ban riƙe shi da komai ba," in ji Maikano. "Ya sani."

"To ka gaya masa."

"In ce masa me? In ce na ji daɗi? Ko in ce ya dawo ya ci gaba?" Ya gyara rigar a cinyarsa. "In na aika, mutane za su ce ƙwallo ta fi mini 'yar ɗan'uwana. In na je da kaina, ba zai iya ɗaga kai ba, sai dai in ƙara masa. Akwai maganar da ba ta da hanya tsakanina da shi, Malam. A da kai ne hanyar."

"Ranar da ka ce in mai da kai tsakiya..."

"Ya wuce."

"Zan mai da kai yanzu."

"Ni ma na ajiye ƙwallo. Mai 'ya a ɗakin miji, gajeren wando ya ishe shi haka." Ya zare allurar ya ci gaba da aiki.

Bayan an sauko daga masallaci Gidaɗo ya shiga kara. Layya ta matso, kasuwar ta cika da raguna da shanu, tireloli sun yi layi a bakin tudun lodi. Sai da ya tambayi mutane da dama kafin a nuna masa motar Alhaji Gwadabe. An gama lodi. A saman motar an gicciya katakai, samari na zaune a kai da sanduna, aikinsu su tayar da duk saniyar da ta kwanta kada 'yan'uwanta su tattake ta. Ƙasimu na cikinsu, da ƙullin kaya a gefensa. Da ya hango Gidaɗo ya sauko ta jikin motar, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi. Bai taɓa durƙusa masa ba.

"Tashi, Ƙasimu."

Ya tashi, amma bai sa takalmin ba.

"Na yi kuskure," in ji Gidaɗo.

"A'a, Malam. Kai ka san aikinka."

"Jami'in nan ya ce zai kawo golan kamfani in ba ka gyara ba. So nake in riƙe ka. Na neme ka gida, na neme ka kogi."

"An gaya mini." Ƙasimu ya dubi ƙafafunsa. "Kunyar abin da ya faru ce ta hana ni tsayawa. Da na san maganar ke nan, da na ce a kawo shi. In zauna a bayan raga ina ɗauko muku ƙwallo, ba komai ba ne."

"Da ka ƙi, rannan. Da ka ce ba za ka kira ba."

"Ka ce in na yarda da kai."

Wani sa ya buga ƙaho a jikin motar, ɗaya daga cikin samarin ya zura sanda ya tsawata masa. Direba ya zagayo yana dukan tayoyi da ƙarfe.

"Zan je wurin Inna Hansai da kaina," in ji Gidaɗo. "Zan tafi da liman. In faɗa a gaban kowa cewa ni na tilasta ka."

"Allah ya saka da alheri. Za ta karɓe ku, za ta ce ba komai." Ya waiwayi motar. "Ni ne dai na ji muryata, Malam. Shi ma ya ji."

"Maikano ya ajiye ƙwallo. Ba za ku sake haɗuwa a fili ba."

Wannan ne kaɗai abin da ya sa fuskar Ƙasimu ta canza. "Baffa ya ajiye?"

"Yau ya gaya mini."

"Tun ina yaro nake zuwa kallonsa." Ya shafa kansa. "To ka gani. Har wannan ma."

"Iyalinka fa?"

"Tana wajen kakarta. In na samu ɗaki can, sai a kawo ta. In ban samu ba, in riƙa zuwa."

"Yaushe za ka dawo?"

"Sai mutane sun samu wani abin faɗa."

Direba ya tayar da mota. Ƙasimu ya ce a yafe masa in ya taɓa yin ba daidai ba, ya ce a gaida su Bilya, ya ɗauki takalmansa a hannu ya hau. Motar ta fita daga kara a hankali, ta hau titi, ta nufi gada. Gidaɗo ya tsaya har wani mai jan raguna ya ce masa ya ba da hanya.

Ya je wurin Inna Hansai ranar Asabar da safe, tare da limamin unguwar. Ta sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, ta yi magana daga bayan ƙofa. Ta ce ba komai, ai malami uba ne, Allah ya ba da ladan zumunci. Aka kawo musu ruwa, suka sha, suka tashi.

Da la'asar ya tafi fili. Wasu sun zo, wasu ba su zo ba. Biyu daga cikin waɗanda ba su zo ba an ce an gan su a layin ɗaukar leburori a sansanin kamfani. Waɗanda suka zo sun gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, kowa da rusunawa, suka koma gefe suka tsaya suna jiran umarni. Bilya bai tsokani kowa ba.

Gidaɗo ya ce musu jami'in zai kawo golan aro mako mai zuwa, kafin nan ana bukatar wanda zai tsaya a raga. Ya dubi Sabo, Sabo ya dubi igiyar takalminsa. Ya dubi sauran. Babu wanda ya ce a'a, babu wanda ya motsa.

Ya cire usur daga wuyansa ya sa a aljihu, ya taka zuwa ragar, ya tsaya a tsakiya. Ya ce su jera ƙwallo su riƙa bugowa, kowa da ƙarfinsa, kada a ji tausayinsa.

Bilya ne na farko. Shi ne mai ƙafar da ta fi ta kowa nauyi a ƙungiyar. Ya ja da baya, ya taho, ya turo ƙwallon a hankali, ta gangaro ta tsaya a hannun Gidaɗo.

"Da ƙarfi, Bilya."

"To, Malam."

Na biyu ya zo ya turo tasa haka, daidai hannu. Na uku ma haka. Gidaɗo yana sunkuyawa yana ɗauka yana mayar musu, suna karɓa suna cewa sun gode, har aka kira magariba.